Kwabon da Ke Bisa Allura

A gidanmu na Babban Mutum akwai wani akwati mai marfi, ruwan toka, wanda ba mai taɓa shi sai Baba. Garmaho ne mai aiki da batir. Baba ya sayo shi a Kano 'yan shekaru bayan canjin kuɗi na 1973, lokacin yana fataucin fata tsakanin Magarya da Kano. Ya haɗo da faya-fayan Shata na kamfanin EMI, da na Ɗanmaraya Jos, da biyu ko uku na Indiya da matan gida suka matsa masa sai ya sayo. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya ɗora akwatin bisa kujerar tsuguno, ya hure ƙura daga faifai, ya saki allura. Maƙwabta su taru, har da baƙin da dare ya yi musu a bakin iyaka suna jiran gari ya waye su tsallaka Nijar.

A kan hannun garmahon, daidai saman allura, akwai jan kwabo ɗaya da Baba ya ɗaure da salatif. Allurar ce ta fara tsalle, ta maimaita baiti ɗaya sau biyar ko ta tsallake biyu, sai wani mai gyaran rediyo ya ce a ɗora mata nauyi. Aka ɗora, ta natsu. Mu da muka tashi muka tarar da kwabon a wurin, mun ɗauka da shi aka ƙera na'urar.

Shekara arba'in da ɗoriya bayan haka, a 2018, aikin gona ya kai ni Japan. Hukumar JICA ce ta ɗauki nauyinmu, mu ma'aikatan gona daga ƙasashen Afirka dabam-dabam, zuwa cibiyarta da ke Tsukuba domin kwas a kan noman shinkafa. Litinin zuwa Juma'a muna tsakanin taɓo da ɗakin gwaji. Asabar kuwa tamu ce, kuma daga Tsukuba akwai jirgin ƙasa mai sauri da ke sauke mutum a Akihabara, tsakiyar Tokyo, cikin minti 45. Wanda ya san kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai gane irin wurin, sai dai Akihabara ta girme ta nesa ba kusa ba. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu sayar da kayan rediyo suka kafa rumfuna a ƙarƙashin gadar jirgi, kuma har yau za ka ga rumfar da faɗinta bai wuce mutum ya miƙa hannuwansa biyu ba, dattijo na zaune a ciki, ɗaruruwan 'yan aljihunan kayan gyara sun kewaye shi, kowanne da sunansa a rubuce.

Wani matashi ma'aikacin cibiyar, wanda ke yi mana tafinta, ya ji ina sauraron Shata a waya wata rana da yamma. Ya tambaye ni wane ne. Na ce masa mawaƙi ne da ya shafe sama da shekara hamsin yana waƙa da kalangu, ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura, birnin masarautarmu, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Ya saurara na ɗan lokaci, ya ce muryar tana da ƙarfi amma wayar ta matse ta. “Ranar Asabar,” in ji shi, “zan kai ka ka ga yadda muke jin waƙa a nan.”

Ya kai ni unguwar Yotsuya, muka sauka matakala zuwa wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa mai suna Eagle, wanda Masahiro Goto ya buɗe tun 1967. Irin waɗannan wurare suna kiransu jazz kissa, wato gidan shan gahawa da aka gina shi domin sauraron kiɗan jaz. Tun a bakin ƙofa abokin nawa ya ɗora yatsa a leɓe: ba a hira a ciki sai ƙarfe 6 na yamma ta yi. Mutum goma sha wani abu ne a zaune, kowa da kofinsa, wani ya rufe ido, wani ya buɗe littafi bai karanta ba. A gaba akwai manyan lasifikoki biyu na JBL. Ma'aikaci ya zaro faifai daga rigarsa yana riƙe da shi ta gefe-gefe, kamar mai ɗauke da faifan tuwon baƙo, ya goge shi da burushi, ya ajiye kwalinsa inda kowa zai ga abin da ake ji, sannan ya sauke allura.

Ni ɗan majalisa ne, na saba da waƙa tana tafiya hira na tafiya, mai shayi na zuba ruwa, yara na guje-guje. Amma na san wani irin shiru a gida, shirun da kan sauka a ƙofar fada idan makaɗi ya ɗaga murya ya fara jero kakannin sarki. Shi na ji a ɗakin nan, a tsakiyar birnin da ya fi kowane birni da na taɓa gani cunkoso. Mai ganga yana can hagu, kana jin sandarsa na sauka bisa fata, kana jin fatar na amsawa. Mai busa yana tsakiya, har jan numfashinsa kafin ya busa bai ɓuya ba. Faifan ya girme ni, amma babu ƙaraf-ƙaraf ɗin nan da na ɗauka ɗabi'ar garmaho ce.

Daga baya abokin ya ba ni tarihin. Bayan yaƙi, faifai ɗaya da aka shigo da shi daga Amurka yana cin kaso mai tsoka na albashin wata, don haka ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ba ya iya saye. Sai mutum ɗaya ya tara faya-fayai da na'ura mai kyau, sauran su biya kuɗin gahawa su zauna su ji. Abin ya ƙara bunƙasa bayan zuwan mai ganga Art Blakey da jama'arsa Japan a farkon 1961. Sunan ya tsaya mini, domin Blakey ya taɓa zuwa Afirka ta Yamma a ƙarshen shekarun 1940, ya musulunta, ya ɗauki sunan Abdullah ibn Buhaina. Da na ji wannan tarihi sai na tuna tabarmar ƙofar gidanmu. Garmaho ɗaya a unguwa, kowa ya kawo kunnensa. Bambancin kawai, su sun riƙe abin ya zama sana'a da ilimi.

Na tambaye shi me ya sa faifansu ba ya ƙara, ko lasifikokin ne. Ya ce lasifika ba ta iya mayar da abin da allura ta zubar tun farko, kuma allura ba ta da iko sai abin da hannun da ke riƙe da ita ya ba ta. Ya san wani dattijo da ba ya aikin komai sai gyaran wannan hannu.

Daga baya ya kai ni wurinsa. Shagon yana hawa na uku a wani tsohon gini, tafiyar 'yan mintoci daga tashar Akihabara. Ɗaki ne da bai fi shagon tela ba. Dattijon ya haura saba'in, sanye da rigar aiki mai aljihu da yawa, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Abokina ya ce in kira shi sensei, wato malam. A kan teburinsa akwai Garrard 301, injin Ingila na shekarun 1950, da hannu samfurin SME 3009 an kwance shi gaɓa-gaɓa bisa farin ƙyalle. Wannan hannu wani Bature mai suna Alastair Robertson-Aikman ne ya fara ƙera shi a 1959 a garin Steyning na Ingila, don amfanin kansa da farko, kafin duniya ta ɗauka. Mai na'urar ya gaje ta daga mahaifinsa. Ya kawo ta ne saboda, a faɗarsa, muryar mata ta fara kaushi a ƙarshen faifai.

Muka zauna bisa kujeru biyu marasa majingina, ya ci gaba da aikinsa, yana magana a hankali abokina na fassara.

Da farko ya nuna mini abin da ake fama a kai. Ya sa wani tsohon faifai ƙarƙashin madubin ƙara girma ya ce in leƙa. Abin da ido ke gani kamar zane mai sheƙi ashe kwari ne mai bango biyu, faɗinsa kamar silin gashi, kuma bangayen a murɗe suke, suna lanƙwasa hagu da dama. Tsaga ɗaya ce tal, ta faro daga baki tana nannaɗewa har tsakiya, kuma in da za a warware ta a miƙe za ta doshi rabin kilomita a fuska ɗaya. A faifan sitiriyo bangon ciki na ɗauke da sautin hagu, na waje na ɗauke da na dama. Ƙwayar daimon da ke bakin allura tana bin wannan kwari tana karkarwa, karkarwar ta motsa ɗan maganaɗisu kusa da naɗin waya, wutar da ta fito ita ce waƙar. Ni manomi, da na ɗago kai, ba abin da na gani sai garmar shanu a cikin kwarin kunya. In ka saita ta ta nutse da yawa, shanu su galabaita, ƙasa ta farfashe. In ta yi sama-sama, ta dinga tsalle tana barin gona ba huɗa. Na faɗa wa abokina ya fassara masa. Dattijon ya ajiye sukudireba, ya dube ni, ya gyaɗa kai sau biyu.

Sai ya fara harhaɗa hannun. Gindin irin wannan hannu yana zaune ne bisa kaifin ƙarfe kamar bakin wuƙa, irin na sikelin masu awon zinariya, domin ya yi sama da ƙasa ba tare da turjiya ba. Ya wanke wurin, ya duba ko akwai tsaro. Robar da ke riƙe da dutsen nauyi na baya ta tsufa, dutsen ya sunkuya, ya cire ta ya sa sabuwa. Sannan ya zare wayoyin da ke cikin bututun hannun, guda huɗu, fara da shuɗiya na hagu, ja da koriya na dama, ya zura sababbi na jan ƙarfe, sirara kamar zaren gizo. Ya ce tsohuwar waya takan sandare, ta riƙa jan hannun a gindi, allura ta ji wannan jan. Da matsefata yake kama su, ya liƙa kowacce da ɗigon dalma da bai kai ƙwayar gero ba. Wannan kaɗai ya ci kusan awa ɗaya, kuma bai ɗaga kai ya dubi agogo ba ko sau ɗaya.

Da hannun ya hau, sai aka shiga awo. Ya ɗora ma'aunin ruwa irin na magina, amma ƙarami kamar maɓalli, ya tabbata teburin bai karkata ba. Ya murza dutsen baya har hannun ya tsaya a iska shi kaɗai, bai faɗi ba bai tashi ba. Daga nan ya ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, yana sauke allura bisa wani ɗan sikeli mai lamba. Gidan allurar da ke kai Denon DL-103 ne, wanda aka ƙera tare da gidan rediyon NHK a 1964 kuma har yau ana yin sa. Nauyin da yake so giram 2.5 ne. Sikelin ya nuna 2.6, ya mayar da dutsen baya da abin da bai kai rabin murzawa ba.

A nan ne na ciro waya na nuna masa hoton garmahon Baba, wanda na sa ɗana ya ɗauko ya turo mini daren jiya. Ya sauko da tabarau na biyu, ya ƙura wa kwabon ido. Sai ya buɗe aljihun tebur ya ɗauko wata farar tsaba mara nauyi, yen ɗaya, ya ɗora bisa sikelin. Giram 1 cif. Ya ce haka gwamnatinsu ke ƙera shi, da goran ruwa, shi ya sa masu gyara kan gwada gaskiyar sikeli da shi. Ya ce su ma suna yara sun ɗora tsaba a kan allura, gida-gida. “Mahaifinka yana son waƙar ne,” in ji shi ta bakin abokina, “bai so ta yanke wa baƙinsa ba.” Sannan ya yi mini bayanin abin da ya faru. Irin waɗannan ƙananan garmaho allurarsu ta yakutu ce, mai cinyewa bayan 'yan awanni goma-goma na aiki, ba kamar daimon da kan yi ɗaruruwan awanni ba. Idan bakinta ya cinye sai ya yi kaifi kamar kurfi, ta kasa zama a kwarin, ta fara tsalle. Maganin shi ne sabuwar allura. Nauyi kuwa yana danne kaifin ne a cikin bangon, duk zagaye ɗaya ta kankare wani abu daga waƙar. Da na dawo gida na auna kwabon, ya haura giram 5, ƙari a kan nauyin da hannun ke da shi tun asali.

Amma ya ja mini kunne kada in zarce ɗaya gefen. Allurar da ta yi sakayau fiye da ƙa'ida ita ma ɓarna take yi, domin tana rabuwa da bango a wurin da kiɗa ya yi ƙarfi, ta dawo ta buge shi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne awon kusurwa. Lokacin da ake yanka faifai a masana'anta, wuƙar tana tafiya ne a miƙe daga baki zuwa tsakiya. Hannun garmaho kuwa a gindi yake juyawa, don haka baka yake zanawa, kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Saboda haka allura ba za ta taɓa fuskantar kwarin daidai ba sai a wurare biyu kacal a duk faɗin faifan, sauran wuraren tana ɗan karkace. Aikin mai saiti shi ne ya zaɓi wuraren nan biyu yadda karkatar za ta yi ƙaranci ko'ina. Masana lissafi sun warware wannan tun da daɗewa, Löfgren a 1938, Baerwald a 1941, kuma lissafin da aka fi bi yana sa wuraren a milimita 66 da milimita 120.9 daga tsakiya. Dattijon ya ɗora wani kati mai zane-zanen murabba'i a kan faranti, ya sauke allura a ɗigon farko, ya leƙa, ya matsar, ya koma ɗigo na biyu, ya sake leƙawa. Sau bakwai na ƙirga yana kai da komo. Ya ce kuskuren milimita ɗaya a nan kunne zai ji shi a waƙar ƙarshe. Dalili kuwa, a bakin faifai kwarin yana wucewa ƙarƙashin allura da gudun kusan santimita 50 a daƙiƙa, a can ciki kuma gudun ya ragu zuwa kusan 20, don haka lanƙwasar sauti a cushe take, ƙaramar karkata ta isa ta mayar da muryar mace kamar ana yaga ƙyalle. Ga amsar koken mai na'urar.

Saura ƙanana, waɗanda a wurinsa ba ƙanana ba ne. Ya daidaita tsawon gindi har bututun ya kwanta daidai da fuskar faifai. Ya sa ɗan madubi a ƙarƙashin allura ya ga ko ta tsaya cak ko ta jingina gefe. Sannan ya rataya wani ɗan dutse da bai fi ƙwayar wake ba a jikin zare mai kama da na kamun kifi. Juyawar faifai tana jan hannu zuwa tsakiya, allura ta danne bangon ciki ta sassauta wa na waje, wannan ɗan dutsen ne ke ja da baya a raba nauyin daidai.

Ya ƙara wani abu da na rubuta a littafina na kwas, a shafin da ke bin lissafin takin shinkafa. Hannu da allura aure ne, sai an duba dacewa. Allura tana zaune bisa 'yar roba mai lanƙwasa, hannu kuma yana da nauyinsa, to haɗuwar biyun tana da wata girgiza tata ta kanta. Ana so ta faɗa tsakanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa. In ta yi ƙasa da haka, lanƙwasar faifai ko takun mutum a ɗaki ya isa ya sa allura rawa. In ta yi sama, ta shiga cikin kaurin ganga ta dagula shi. Allura mai tauri irin ta Denon tana son hannu mai nauyi, shi ya sa ya sauya kan hannun da wani wanda ya fi nauyi, ya ƙara dutse a baya.

Da ya gama, ya wanke hannu, ya zuba mana koren shayi, ya sa faifan wata mawaƙiyar ƙasarsu, ya tafi kai tsaye waƙar ƙarshe. Ban san kalma ɗaya a cikinta ba. Muryar ta fito sumul, ta hau sama ta tsaya can ba ta tsage ba. Ya rufe ido har ta ƙare, sannan ya ɗauki sukudireba ya taɓa wani noti, taɓawar da ban ga ta motsa komai ba, ya sake sa waƙar.

Wannan ne abin da na fi yaba wa mutanen nan. Na'urar ta haura shekara hamsin, ba ƙirar ƙasarsu ba ce, mai ita ba wani attajiri ba ne, amma akwai mutumin da zai ba ta yini guda na rayuwarsa, kuma akwai masana'antun da ke tsaye a bayansa. A shekarar da na je, kamfanin Shure na Amurka ya sanar da daina yin kayan garmaho. A wani ƙaramin gari na bakin teku a lardin Hyogo kuwa, kamfanin JICO na ci gaba da ƙera allurai sama da iri 2,000, yawancinsu na na'urorin da masu su suka daina yi tuntuni, kuma da hannu ake dasa ƙwayar daimon ɗin. Asalin gidan, tun 1873, allurar ɗinkin tufafi suke yi. Na tuna maƙeranmu da dukawanmu, da masu gyaran rediyon da kan tayar da matacciyar na'ura da guntun waya da dalma a ƙarƙashin bishiya. Hannu muna da shi. Wanda ya ce wa Baba ya ɗora kwabo, da yana da inda zai sami allura da ɗan sikeli, da ba haka ya ce ba.

Kafin mu tashi na tambayi dattijon ko faya-fayan Baba sun mutu ke nan. Ya ce ba lalle ba. Tsohuwar allura mai dunƙulen baki wuri ɗaya take ci a jikin bango, kamar yadda igiyar guga ke cin wuri ɗaya a bakin rijiya. Akwai allurai masu siririn baki mai tsawo, irin wadda Norio Shibata ya ƙirƙiro a kamfanin JVC a farkon shekarun 1970, waɗanda ke taɓa bangon sama da ƙasa da inda aka cinye. Sau da yawa waƙar tana nan a wurin da tsohuwar allura ba ta kai ba. Ya ce in wanke su da ruwa mai tsabta ƙwarai, in shanya a inuwa, in jera su a tsaye, kada in kwantar da su a kan juna, kada kuma rana ta gan su.

Ban sayi na'ura a can ba, domin wutarsu bolt 100 ce, tamu 230, ga nauyin kaya a jirgi. Abin da na sayo duka ya shiga aljihun jaka: ɗan sikeli, katin awon kusurwa, burushi, da gidan allura na Audio-Technica mai siririn baki. Dattijon ya ƙara mini yen ɗaya a cikin 'yar takarda. Na'urar kuwa a Kano na same ta, Technics ta gwanjo, a wajen masu tsofaffin kayan sauti na Sabon Gari, ƙura ta rufe ta amma hannunta lafiya lau.

Faya-fayan suna cikin adakar Inna, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa tun rasuwar Baba. Guda 14 ne. Uku zafi ya lanƙwasa su, ɗaya ya tsage. Sauran na wanke su ɗaya bayan ɗaya ranar wata Asabar cikin hunturu, na rufe tagogi saboda hazo. Saitin ya ci mini tun hantsi har la'asar, domin hannuna bai saba ba kuma ɗakin ba a daidai yake ba, sai da na sa guntun kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya ta teburin. Na ɗora yen ɗin a sikeli ya nuna 1, na saita allura a giram 2, na jona wutar sola.

Bayan isha'i na shiga na ce, “Inna, ki fito ki ji wani abu.”

Ta fito da carbinta ta zauna a bakin tabarma. Na sa faifan Shata da Baba ya fi so. Akwai shuu a ƙasa-ƙasa, wanda kwabon ya bari, kuma ba zai fita ba. Amma kalangu ya fito da bakinsa biyu, ana jin inda makaɗi ya matse tsarkiya ya sake ta. Da aka zo baitin da allura kan yi tsalle a da, na ga Inna ta ɗaga hannu kamar za ta ce a taɓa, sai waƙar ta wuce abinta. Ta sauke hannun a hankali.

“Ashe 'yan amshin nan suna da yawa haka,” ta ce. “Da murya ɗaya nake jin su.”

Da fuskar ta ƙare ta tambaye ni ina kwabon Malam, wato Baba. Na ce yana nan a jikin tsohon akwatin. Ta ce in ɓamɓaro mata shi. Na kawo, ta goge ragowar salatif ɗin da babban yatsa, ta ƙulle shi a bakin zaninta.

“To, juya ɗaya gefen,” in ji ta.